Ranar Da Aka Rubuta A Katin Awon Yayata

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma daminar da na yi rigima da gida guda a kan kalma ɗaya ta Turanci, wannan kam sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Kalmar ba wata babba ba ce, duk wanda ya zauna a sakandare ya san ta. Amma a shekarar nan ita ce ta tsaya tsakanin yayata da kabari, kuma saura ƙiris bakina ya ɓata komai.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, Yaya ’yar fari, ni auta, maza uku a tsakaninmu. Halinmu ko kusa bai zo ɗaya ba. Yaya in ka taka ta, ita za ta ba ka haƙuri. Ni kuwa tun ina ƙarama Innarmu ke cewa magana ba ta kwana a cikina. Lokacin da abin ya faru shekarata ɗaya da gama sakandare, ina zaune gida a Batsari ina taya Inna tuyar ƙuli-ƙuli, ina jin duk unguwar ba wanda ya kai ni sani. Yaya tana aure a wani ƙauye a ƙasar Safana. In ka sauka mota a Zakka sai ka hau babur, ka yi tafiya mai ɗan nisa a ’yar siririyar hanya, sannan ka tsallake wani rafi. Da rani rafin nan yashi ne zalla. In Agusta ta kama kuwa, ruwa ɗaya ya isa ya raba ƙauyen da duniya kwana biyu. Ga kuma halin da ake ciki na ’yan bindiga, wanda ya sa ba mai babur ɗin da zai yarda ya bi hanyar da zarar la’asar ta yi sanyi.

Haihuwar fari a gidanmu Yaya ta yi ta, kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya, ta sami ’ya mace. Ta biyu ce ta yi a ƙauye, kuma ita ce ta kusa tafiya da ita. Kwana biyu tana naƙuda, abin da ta haifa bai zo da rai ba, jini ya ɓalle, aka ɗauko ta a amalanken shanu har bakin titi. Da na gan ta a gadon asibiti ban gane ta ba. Yanzu ga ciki na uku ya tsufa, ga damina ta zauna sosai.

Kun dai san alkunyar ɗan fari. Innarmu irin matan da ce, tunda ta haifi Yaya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarta a gaban mutane ba. Sai dai in an ambaci ƙauyen, ka ga hannunta ya tsaya cak a cikin tunkuza. Ranar da ta kasa daurewa, galan ɗin man gyaɗa ta miƙo mini tana kallon bango.

“Ki kai wa mutanen can,” ta ce. “Ki dubo mini jikar nan tawa, ko ta yi ƙiba.”

Na ce, “Inna, jikar ce kawai zan dubo?”

“Tashi ki ba ni wuri, marar ta-ido.”

Na san abin da aka aike ni.

Na iske Yaya zaune a bakin ɗaki tana tsinke zogale. Ƙafafunta sun kumbura, tafin hannunta fari fat kamar an wanke shi da toka. Bayan mun gaisa ta ja ni ciki, ta buɗe wata kwalla a jerenta, ta zaro katin awo daga ƙarƙashin zannuwa. A ɓoye yake kamar kayan sata. Ta ce malamar awo ta gaya mata jininta ya yi ƙasa, kada ta kuskura ta sake haihuwa a gida, ta koma kusa da babban asibiti tun ana saura sati biyu ranar da ke jikin katin. Ta nuna mini wurin da yatsa, don ita ba ta karanta boko. Haruffa uku ne, E.D.D., da kwanan wata a gabansu, can ƙarshen Agusta. A ƙasa an rubuta cikakkun kalmomin da ƙananan baƙaƙe, kuma ta farkonsu ita ce “expected”.

“To me kike yi a nan har yanzu?” na ce. “Saura kwana ashirin fa.”

Ta ce in rage murya, sannan ta ba ni labari. Mijinta ya kai katin wurin mai kemis na ƙauyen ya karanta masa, shi kuwa ya duba ya ce, “Ai sun rubuta ranar da za ta haihu.” Daga wannan magana ɗaya gidan ya rabu biyu. Mijin ya ce to madalla, tunda an san ranar ba sai an bar gona an tafi zaman jira ba, ranar da sassafe zai ɗora ta a babur ya kai ta. Mahaifinsa kuwa, Malam, wanda shi ne limamin ƙauyen kuma shi ke da makarantar ƙofar gida, da ya ji sai ya ce wannan shisshigi ne a lamarin Ubangiji. Ba mahalukin da ya san ranar da mace za ta sauke abin da ke cikinta. Ya ce kada ya ƙara jin zancen katin a gidansa. Ban da wannan ma, goyon ciki na haihuwar fari ne. Mace mai ciki na uku ta kwashi kaya ta tafi gidan iyayenta, garin zai ce yaji ta yi, ko kuma gidan Malam ya kasa riƙe ta.

Abin da ya ba ni haushi, uban da ɗan kuskure ɗaya suka yi. Dukansu sun ɗauka katin alkawari ya yi. Ɗaya ya gaskata alkawarin ya miƙe ƙafa, ɗaya ya ƙaryata shi ya yar. Alhali kalmar ba ta yi wa kowa alkawari ba. Malaminmu na Turanci ya sha bugun tebur a kanta. Yakan ce in kun ga “expected” a gaban abu, to sa ransa ake yi bisa alamun da aka gani, bai zo hannu ba tukuna. Baƙon da ya aiko cewa yana tafe, har aka share masa ɗaki, shi ne “expected guest”. Yana iya zuwa da hantsi, yana iya kaiwa magariba, mota na iya lalace masa ya kwana a hanya. Sakamakon da ɗalibi ke sa rai bayan ya sha karatu “expected result” ne, amma sai takarda ta fito ake guɗa. Wanda ya faɗo maka ba zato ba tsammani kuwa, shi ne “unexpected”. Na san wannan kamar yunwar cikina. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda ake miƙa wa mutum gaskiya ya karɓa.

Da azahar mijin Yaya ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa. Mutum ne mai fara’a, kuma akwai wasa tsakaninmu, irin na ƙanwar mata da mijin ya.

“A’a, ’yar boko ce a gidan namu? Halan kin zo taya mu noma, ko farcen ba zai yarda ba?”

Ko gaisuwar kirki ban tsaya na yi ba. Na ce, “Wa ya ce maka ranar da ke katin nan za ta haihu?”

“Masu asibitin mana. Ba su suka rubuta ba?”

“Ba haka suka rubuta ba. Cewa suka yi ana sa rai. Tana iya haihuwa gobe, tana iya wuce ranar. In naƙuda ta tashi rafi ya kawo, fiffike za ka yi ka ɗauke ta?”

Ya yi dariya ya jingine fartanyar. “Ke dai kin cika gaggawa. Allah na nan. Matan garin nan duk a ɗaki suke haihuwa.”

“Wancan karon ma a ɗaki ta haihu.”

Dariyar ta ɗauke. Da ina da hankali da nan na tsaya, don maganar ta shige shi, na gani a fuskarsa. Amma ina. Sai na ƙara da cewa, “Ku zauna nan kuna tsammanin warabbuka. Dama an ce malam ya ƙi noma don zakka.”

A gidan malamai na faɗi wannan, a tsakar gida, da rana tsaka. Surukar Yaya, wadda kowa ke kira Iya, tana gindin murhu tana tankaɗe. Na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Ta kakkaɓe zanenta ta nufi zaure. Yaya ta dube ni idonta taf da hawaye, ta ce a hankali, “Gyara kika zo yi, ko kashe mini aure?”

Bayan la’asar aka ce Malam na kirana. Na iske shi a zaure a kan buzu, tsoho siriri, littattafai jibge a gefensa. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya tambayi Inna, ya tambayi yayyena maza ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwa a Batsari, ya tambayi yaya muke ji da tsoro. Da gaisuwar ta ƙare sai ya buɗe tafukan hannunsa biyu ya miƙo su wajen haske.

“Ɗiyata, dubi nan. Wanga hannu ya yi kama da na wanda ya ƙi noma?”

Kanta ce ta ko’ina, tsohuwa a kan tsohuwa. A duniya ba abin da ke yi mini wuya kamar ba da haƙuri, gara a ce in yi dakan gero buhu guda. Amma na san in na fita daga zauren nan da girman kaina, Yaya ce za ta biya. Na sunkuyar da kai na ce, “Na yi kuskure, Allah gafarta Malam. Bakina ya fi hankalina sauri. A yafe mini.”

“Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Tashi ki tafi.”

Ban tashi ba.

“Da saura?”

“Da saura, Allah gafarta. Zancen katin ne.”

“Na hana zancen nan a gidana.”

“A cikin gida ka hana, Malam. Nan zaure ne, nan kowa ke kawo maka tambaya.”

Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ce, “Kawo tambayar.”

Na yi masa bayanin kalmar kamar yadda aka koya mana, da baƙon da komai. Na ce masu asibiti lissafi suka yi daga watan da cikin ya shiga, suka auna girmansa, suka ce wajen nan ake sa rai. Ba su ce ga ranar ba. Yana saurare yana jan carbi, bai katse ni ba har na gama.

“To,” ya ce, “in ranar ta zo ba ta haihu ba, sun yi ƙarya?”

“A’a.”

“In ta riga ranar fa?”

“Nan ma ba su yi ƙarya ba.”

“To maganar da ba ta ƙaryatuwa ta gaba, ba ta ƙaryatuwa ta baya, mi ne amfaninta? Ni ma ina iya ce miki za a yi ruwa bana.”

Nan na maƙale. Wannan kam malaminmu bai koya mana ba. Ina kallon tabarma, ina jin ana daka a maƙwabta, ina jin maganar na kuɓuce mini. Na ce wa kaina ko za mu kai magariba ba zan tashi ba. Turancina ya ƙare, don haka na nemi abin da ke cikin duniyarsa shi.

“Malam, ranar ashirin da tara ga Sha’aban, wa ke tura mutane bayan gari duban wata?”

“Ni.”

“Ka san zai tsaya?”

“Allah kaɗai Ya sani.”

“To me ya sa ba ka tura su ranar ashirin? Me ya sa kuma ba ka ce su zauna gida tunda ba a sani ba?”

Carbin ya tsaya. Na ci gaba, wannan karon a hankali. Na ce lissafi ne ya nuna masa ranar ta kusa, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi da’awar sanin gaibu. Ya dai san lokacin da ya kamata mutane su je su tsaya a inda za su iya gani. Katin nan ma abin da ya ce ke nan. Daga nan a fara zuba ido, kuma a tsaya a inda in jini ya ɓalle akwai mai tsayar da shi.

Can ya ce, “Wannan a wurinmu galibin zato ake ce mashi. Ana aiki da shi. Mai kemis ba haka ya ce mana ba.”

Na buɗe baki zan faɗi ajin da mai kemis ya tsaya a makaranta, sai na rufe. Wannan ce magana ta farko da na taɓa haɗiyewa a rayuwata, kuma har yau ina jin ɗacinta a maƙogwaro.

Saura bakin mutane. Wannan shi da kansa ya warware ta, ta hanyar da ni ba zan taɓa tunaninta ba. Ya ce Iya za ta bi Yaya Batsari. In uwar miji ce a gaba ba mai cewa yaji, gidansa ne ya tafi jinya. Na ce to gobe da safe. Ya ce bayan Juma’a, sai an gama ciron da ke gonar Iya. Ranar kuwa Litinin ce. Na ce, “To ina nan har Juma’ar.” Ya ce, “Na ga alama.”

Kwana biyar na yi a gidan da ba mai son ganina. Iya in na gaishe ta da hanci take amsawa. Ban damu ba. Na bi ta gona na yi ciro har farcen da ake yi wa gori ya kakkarye, don kada a ce aiki ne ya hana tafiya. Na ɗaure kayan Yaya tun ranar Talata na ajiye a bakin ƙofa inda kowa zai yi tuntuɓe da su. Duk hadarin da ya taso daga gabas sai in tuna da rafin. Ranar Asabar da safe muka fita a amalanke, ruwan rafin iya gwiwar shanu, muka tsallake.

Zaman Batsari kuwa wani wasan ne daban. Surukai biyu a gida ɗaya. Inna ta bar wa Iya ɗakinta, kullum sai sun gaisa sau biyar kowace na durƙusa wa ’yar’uwarta. Inna na dafa wa Yaya hanta da zogale, amma sai ta miƙo mini kwanon ta ce, “Kai wa masu ɗakin can.” Na kai Yaya awo babban asibiti, aka ba ta maganin ƙarin jini, aka ce da ta ji motsi a kawo ta.

Ranar da ke jikin katin ta zo. Tun asuba na yi wanka, na sa hijabi, na ajiye jakar haihuwa a tsakar gida na zauna kusa da ita. Hantsi ya yi, azahar ta yi, la’asar ta yi. Yaya ta ci tuwonta ta yi barcinta. Sai a ranar na kama kaina da laifin da na je ƙauye ina zagin mutane a kansa. Ni da na yi wa liman huɗuba a kan sa rai, ashe can ƙasan raina na ɗauki ranar alkawari, don in ta cika a ce ’yar boko ta yi gaskiya.

Washegari shiru. Jibi shiru. Iya, wadda ta bar awakinta da gonar kuɓewarta a hannun maƙwabta, sai bakinta ya buɗe.

“’Yar boko, ina ranar taku? Ko Turawan sun ɗaga ta?”

Na ce, “Iya, ai na ce tana iya wucewa.”

“Ta wuce kam. Mun ga wucewarta, ko sallama ba ta yi mana ba.”

Na koma asibiti na tambaya, don ni ma gabana ya fara faɗuwa. Malamar ta duba Yaya ta ce komai daidai, har yanzu ana cikin lokaci, in an ƙara kwanaki kaɗan shiru su sun san abin da za su yi. Ta ce kada mu yi nisa. Na dawo na faɗa, amma wa zai saurari wadda ranarta ta wuce?

Kwana huɗu bayan ranar, mijin Yaya ya zo kasuwa, ya biyo gida da babur. Fuskarsa ba fara’a. Ya ce ƙauye ana ta yi musu dariya, wai gidan liman ya bi kati, kati ya yi ƙarya. Ya ce su tattara su koma, in ta tashi haihuwa ya kawo ta. Kafin ya rufe baki Iya ta ɗaure ƙunshinta. Yaya, wadda ba ta iya cewa a’a ba, ta jawo hijabi tana sawa. Na waiga wajen Inna. Tana bayan danga tana juya ƙuli a kasko, ƙulin na ƙonewa ba ta sani ba, kuma na san ko sama za ta faɗo ba za ta buɗe baki a gaban surukai a kan ’yar fari ba.

Na fita ƙofar gida. Babur ɗin na tsaye, makulli a jiki. Na zare shi na ƙulle a bakin zanena, na dawo na zauna a kan turmi.

Mijin Yaya ya fita ya dawo. “Ke, ba ni makullina.”

“Kira Malam.”

“Ba wasa nake ba fa.”

“Ni ma yau ba wasa tsakaninmu. Shi ya ce a zo, shi zai ce a koma. In ya ce ku tafi, da hannuna zan ba ka.”

Iya ta riƙe haɓa tana salati. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin ɗiya irina ba. Na ce ba za ta ƙara gani ba ma, irina ni kaɗai aka haifa. Gaskiya ban san abin da Malam zai ce ba. Shi aka yi wa dariya a masallacinsa, ba ni ba. In ya ce su koma, na riga na ɗaure kaina da bakina.

Malam ba ya riƙe waya. Sai da aka kira mai shago na ƙauyen, ya ɗauki wayar ya kai masa, suka hau tudun da ake samun sabis. Muna zaune ba mai kallon wani. Da aka kira, mijin Yaya ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji, ya zayyana komai, har da makullin. Ya ƙare da cewa, “Baba, ranar ta wuce da kwana huɗu.”

Muryar tsohon ta fito tana yankewa. “In an fita ran ashirin da tara ba a ga wata ba, cewa ake watan ya fasa tsayuwa? Cika lissafi ake yi. Ku zauna. Kai ma ka zauna nan, gona ba ta gudu.”

“Baba, mutane na—”

“Mutanen su za su ba ta jini? Yarinyar nan na kusa?”

Na ce, “Ga ni, Allah gafarta Malam.”

“Ba shi makullinshi. Kuma ki rage bakin nan.”

Na kwance bakin zane na ba shi.

Kwana biyu bayan nan aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi naƙuda ta kama Yaya. Mijinta ya fita cikin ruwan ya samo mota, kafin a ce me muna asibiti. Gab da azahar ta haifi ɗa namiji, muka ji kukansa daga baranda. Ban gama hamdala ba na ga ma’aikatan sun fara gudu, wata ta shiga wata ta fita. Jinin ne, kamar wancan karon. Aka fito aka ce ina danginta, ana neman jini yanzu-yanzu. Aka gwada nawa bai yi ba. Aka gwada na mijinta, ya zo daidai. Mutumin da da an bar shi yana can ƙauye, ya kwanta aka ɗiba, yana kallon silin yana hawaye.

Ni da Iya muna zaune a benci. Ban san lokacin da ta kama hannuna ba, sai ji na yi yatsuna sun yi tsami. Mun fi awa guda a haka. Da malamar ta fito ta ce jinin ya tsaya, sai ta ƙara da tambayar daga ina muka zo. Na ce daga nan cikin gari. Ta ce, “Allah Ya taimake ku,” ta wuce. Daga baya muka ji ranar rafin ya cika har ya haura gonaki, wanda aka aika da albishir sai da ya kwana biyu a wannan tsallaken.

Iya ta saki hannuna, ta share fuska da gefen mayafi, ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke dai ba ki da kunya,” ta ce. “Allah Ya bar miki irin ta shekaranjiya.”

Yaron yanzu yana makaranta, uwarsa na nan da ranta da lafiyarta. Ni kuwa ba zan yi muku ƙarya in ce na zama mai sanyin baki ba. Amma na fito daga daminar nan da abu biyu. Na farko, gaskiyar da ka jefi mutum da ita ba ya ɗauka, sai wadda ka zuba masa a ƙwaryar da ya saba sha da ita. Na biyu shi ne wanda ya fi tsaya mini. Wanda ya ce ya san ranar zai makara, don yana jiran ta. Wanda ya ce tunda ba a sani ba a zauna, shi ma zai makara. Mai sa rai ne kaɗai ke tashi da wuri, ya je ya tsaya inda ya kamata, kuma in ranar ta wuce shiru, ba ya kwashe tabarmarsa.